Dama E, Hagu A'a

A cewar Injiniya, tun da aka fara zalunci a bayan ƙasa ba a taɓa yi wa wani mahaluki irin wanda aka yi masa ba. Waɗanda gobara ta cinye gidajensu, in ji shi, aƙalla sun tsira da faratansu farare. Shi kuwa ga hannayensa nan, shuɗi shar har gwiwar hannu. Sabulu ya yi iya yinsa ya haƙura. Matarsa ta hana shi taɓa farin matashi, ta ware masa tawul ɗinsa daban. Kuma wa ya jawo masa? Wasu mutane ne can wata uwa duniya, waɗanda bai taɓa taka musu ko inuwa ba, suka zauna cikin sanyin ofis suka ƙera abin da zai tozarta shi a gaban unguwa guda. Duk wanda ya tsaya ya saurare shi, wannan zai fara ji. Wanda ya ƙara haƙuri kuma, sai ya ji sauran.

Injiniya dai mai gyaran waya da kwamfuta ne, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. 'Yan unguwa Saura Kiris suke ce masa, don duk ranar da ka je karɓar wayarka amsar ke nan. Ya ba arba'in baya da daɗewa, yana rina sajensa a ɓoye, kuma yana da wani kwat shuɗi guda ɗaya da yake ji da shi kamar ɗan fari. Shagonsa, in har za a kira shi shago, wani lungu ne a ƙarƙashin matakalar benen gidan wanki da guga na yayan matarsa, wanda kowa ke kira Yaya. In ya miƙe da sauri, siminti ya tuna masa inda yake.

A saman benen akwai wani ɗaki mai taga biyu, ba kowa a ciki. Injiniya ya daɗe da tarewa a ɗakin nan a zuciyarsa. Ya sa tebur, ya sa kujera mai juyawa, ya rataye allo a ƙofa. Duk lokacin da ya yi wa Yaya zancen, sai Yaya ya ce, "Fara gama gyaran wayata tukuna."

Dama ta samu ranar da Yaya ya fito dafe da kai. Tsarin gidan wankin kuwa ihu ne. Anti, wadda ke zaune a kantar shagon, ita ke karɓar kaya, sai ta juya ta leƙa wata 'yar taga ta ƙwala wa Kumfa mai injin wanki kira.

"Kumfa! Ja ne, ban da bilic!"

"Na'am? A sa bilic?"

"Na ce BAN DA!"

In an gama, a sake wani ihun ga Guguwa, mai kai kaya gidaje a babur. Haka ake yi tun daga buɗewa har tashi.

"Wannan ihu shi zai yi ajalina," in ji Yaya.

Injiniya ya zabura, ya ƙume kansa da siminti, bai ko sosa ba. "Yaya, ai manhaja ce maganinsa. Anti ta danna a kwamfutar kanta, Kumfa ya gani a ɗakin wanki, Guguwa ya gani a wayarsa, kai kuma ka yi barcinka. Ko tari ba za ka ƙara ji ba."

Yaya ya ƙare masa kallo. "Me kake so?"

Injiniya ya ɗaga ido sama, kamar mai addu'a.

"To," in ji Yaya. "In ihu ya mutu a gidan nan, kayan mutane kuma suka fita lafiya, ɗakin sama naka ne. In ka ɓata min aiki, kai za ka gyara da hannunka."

"Da hannuna, Yaya!" Ya ɗaga su duka biyun. A lokacin kalarsu irin ta kowa ce.

Kafin la'asar labari ya isa shagon Mai Aski, maƙwabcinsu, don Injiniya da kansa ya kai shi. Ya zauna a kujerar aski, ba don aski ba, don dai akwai madubi.

"Ka san matsalar da ke kayar da ƙananan masana?" ya ce. "Na'urorin nan kowacce da irin tsarinta. Tsohuwar kwamfutar kanta daban, laftof ɗina daban, faffaɗar wayar da za a manna a ɗakin wanki daban, ta Guguwa daban. A da sai mutum ya rubuta manhaja huɗu. Ni ɗaya zan rubuta."

"Ɗaya ta shiga duka?"

"Akwai abin da muke kira laburare, mu masu abin. Tarin kayan gini ne da wasu suka riga suka ƙera: maɓallan dannawa, tagogi, akwatunan rubutu. Ka ɗauko ka harhaɗa sau ɗaya, ta hau kowace na'ura. Ka gyara wuri ɗaya, ko'ina ya gyaru."

"In kuma ka ɓata wuri ɗaya fa?" in ji Mai Aski, yana karkaɗe buroshi.

"Wa zai ɓata?"

"A'a, tambaya na yi, Saura Kiris. Sauka min daga kujera, ga mai gashi nan ya zo."

Laburaren farko da Injiniya ya ɗauko irin wanda ke zana komai da kansa ne. Ba ya aron komai a wajen na'ura, da kayansa yake zuwa, har da tabarmarsa. Amfaninsa, yadda manhajar ta fito a nan haka za ta fito a can, ko ɗigo ba zai bambanta ba. Injiniya ya zuba gwaninta: kore a nan, ruwan zinare a can, maɓallai masu inuwa. A tsakiyar kowane shafi kuma ya sa hotonsa, cikin shuɗin kwat, ya dafe haɓa da yatsa biyu kamar mai tunanin makomar duniya.

Matarsa ta leƙa laftof ɗin ta ce, "Baban yara, manhajar wanki ce ko ta neman aure?"

"Ke ba ki san harkar ba. Dole mai aiki ya san fuskar wanda zai gode wa."

Da aka ɗora ta a kwamfutar kanta, Anti ta danna. Kwamfutar ta yi shiru. Can sai fankarta ta fara gurnani kamar babbar mota a kan tudu. Hoton Injiniya ya fara saukowa a hankali, daga sama: gashi, goshi, gira. A nan ya tsaya.

"Ina sauran?" in ji Anti.

"Yana zuwa."

Wata mata da ta kawo bargo ta ajiye shi ta zauna a kai. Wani ya fita ya sayo ruwa ya dawo, ya tarar an kai hanci. Layi ya fita har bakin titi, kowa ya zuba wa rabin fuskar Injiniya ido. Mai Aski ya leƙo da almakashi a hannu.

"Ina aka kwana?"

"Saura kiris," in ji Injiniya, kafin ya ankara da abin da ya faɗa. Layin gaba ɗaya ya kwashe da dariya.

Guguwa ma ya dawo da nasa kukan. Kafin manhajar ta yarda ta shiga wayarsa, sai da ya goge hotunan 'ya'yansa da waƙoƙinsa duka. Da ta shiga, wayar ta ɗau zafi a aljihu har ya tsaya a gefen hanya ya duba ko wandonsa ne ya kama. Batir ya ƙare yana tsakiyar wata unguwa da labulen mutane a bayan babur, bai san gidan wa zai kai ba.

"Kuma in na danna wurin komawa baya, yadda nake yi a kowace manhaja, sai ta yi kamar ba da ita nake ba," ya ce. "Wannan abu ba ya jin yaren wayata."

"Ba laifina ba ne," in ji Injiniya. "Giwa ce. Ga kyau ga ƙarfi, amma ba kowace ƙofa take shiga ba. Na'urorinku ne ƙanana."

Yaya ya ɗaga ido ya kalli ɗakin sama, ya sauko da shi ya kalli ƙarƙashin matakala, ya wuce.

Injiniya ya saki Giwa saki uku, ya ɗauko wani laburaren. Wannan ba ya zuwa da komai. In ya shiga na'ura, sai ya ari maɓallanta, ya ari irin rubutunta, ya ari kalarta, ya zauna kamar ɗan gida. Injiniya ya sa masa suna Hawainiya.

Gaskiya Hawainiya ta yi abin a yaba. Anti ta danna, kafin ta ɗauke yatsa shafi ya buɗe. Tsohuwar kwamfutar ko tari ba ta yi ba. Wayar Guguwa ta huce, wurin komawa baya ya fara jin magana. Kumfa ya goge hannu a wando ya taɓa faffaɗar wayarsa ya ce, "Wannan kam kamar da ita aka sayo ta."

Aikin ma ba wuya. In an kawo kaya, tambaya uku ce ke fitowa ɗaya bayan ɗaya: A sa bilic? A sa sitati? A kai gida? Kowace tambaya da maɓalli biyu a ƙasanta, ɗaya na amincewa, ɗaya na ƙi. Abin da Anti ta zaɓa shi Kumfa da Guguwa za su gani.

Injiniya ya zagaya unguwa yana gayyata. Za a yi taron buɗewa ranar Asabar da yamma, a gaban shago. Ya ari kujerun roba, ya ari lasifika, ya rubuta jawabi.

Ana gobe taron ya zauna yi wa aikinsa kallon ƙarshe, sai ya ga abin da ya tsinka masa zuciya. Da yake Hawainiya aron rubutu take yi, girman rubutun ya bambanta daga na'ura zuwa na'ura. A laftof ɗinsa komai daidai. A kwamfutar kanta rubutun maɓallan ya yi ɓulɓul, maɓallan suka kumbura suka hau kan hoton, suka rufe masa baki da haɓa. A wayar Guguwa abin ya fi muni: maɓalli ɗaya ya zauna masa daidai kan ido, kamar wanda aka yi wa aiki a asibiti.

Ya kira matarsa ta gani.

"To ka rage hoton mana," ta ce. "Ko ka cire shi."

Ya dube ta kamar ta ce a sayar da ɗaya daga cikin yaran. "In cire hoton? A rana irin ta gobe?"

"To ka bar shi da maɓalli a ido. Ya ma fi yi maka kyau."

Ya yi tsaki. Masani ba ya rasa hanya. In rubutu ne ke kumbura maɓalli, ai sai a cire rubutun. Ya goge kalmomin duka, maɓallan suka koma 'yan madaidaita, babu komai a kansu, fuskarsa ta fito tas. Ya so ya yi wa ɗaya kore ɗaya ja, amma Hawainiya kalar na'ura take ara, a tsohuwar kwamfutar duka biyun suka fito ruwan toka. Bai damu ba. Ya duba laftof ɗinsa: na amincewa yana dama, na ƙi yana hagu. Shi ke nan. Ya tura gyaran, cikin ƙiftawar ido ya sauka a na'urorin duka.

"Kin gani?" ya ce. "Wuri ɗaya na taɓa."

"Ka gwada a ta kanta?"

"Ta buɗe."

"Ban ce ta buɗe ba. Ka gwada?"

"Maman yara, abin da aka rubuta sau ɗaya, sau ɗaya ake gwada shi. Ma'anar abin ke nan."

Kafin a tashi aiki ya tara Anti da Kumfa da Guguwa, ya ɗora laftof a kan teburin guga, ya ɗauki mariƙin rataye kaya ya mai da shi sandar malami.

"Ku maimaita. Dama e!"

"Dama e."

"Hagu a'a!"

"Hagu a'a."

"Da ƙarfi!"

Mai Aski ya amsa daga ƙetaren bango: "Hagu a'a, malam!"

"Sannan kai Kumfa," in ji Injiniya, "daga gobe abin da allo ya nuna maka shi za ka yi. Ba leƙe, ba tambaya, ba ihu. In ka ga ɗigon ruwa fari, bilic ne. In ka ga riga a tsaye, sitati ne. Tunani ya koma wajen na'ura."

"Ko da na ga..."

"Ko da me ka gani."

Kumfa ya juya wajen Yaya, wanda ke tsaye a bakin ƙofa. "Maigida, ka ji dai da kunnenka."

"Na ji," in ji Yaya.

Safiyar Asabar Injiniya ya zo da kwat ɗinsa a rungume. Shi ne zai zama kaya na farko da zai bi ta sabon tsari, a wanke shi a goge, ya sa shi da yamma ya yi jawabi. Ya kira Mai Aski ya zama shaida. Ya ce Anti ta matsa, wannan dannawar ta tarihi ce, da hannunsa zai yi.

A sa bilic? Ya yi dariya. "Bilic a kwat ɗin nan? Allah ya kiyaye." Ya danna hagu.

A sa sitati? Hagu.

A kai gida? "Ina nan, me zai kai shi gida?" Hagu.

Ya miƙa kwat ɗin ta 'yar taga, ya yi wa Mai Aski murmushin nasara. "Ka ji ihu?"

"Ban ji ba tukuna."

Daga nan kaya suka yi ta shigowa. Mai Aski ya kawo tawul-tawul ɗinsa na goge fuska, ya ce don Allah ban da sitati, masu gemu fatarsu ba ta son wahala. Anti ta danna hagu. Mai wani masauki ya aiko da fararen zannuwan gado da suka ga duniya, ya ce a zuba bilic ba tausayi, a sa sitati, a kawo masa kafin baƙi su iso. Anti ta danna dama, dama, dama. Sai ga Koci, mai horar da ƙungiyar ƙwallon magidantan unguwa, da buhun sababbin rigunan wasa kore shar. Da yamma za su buga da abokan hamayyarsu na tsallaken titi, waɗanda suka daɗe suna yi musu gorin tumbi.

"Anti, riga ce sabuwa, ƙura kawai ta kwasa a hanya. Ruwa da sabulu. Kada a kai ko'ina, ni zan dawo in karɓa."

Hagu, hagu, hagu.

Shago ya yi tsit. Yaya ya kishingiɗa a kujerarsa ya lumshe ido, fuskarsa kamar ta jariri. Injiniya ya hau matakala ya leƙa ɗakin sama ta ramin makulli, ya auna inda tebur zai zauna.

Yana saukowa ya ga kan Kumfa ya leƙo ta 'yar tagar.

"Anti! Waɗannan korayen..."

"Shhh!" Injiniya ya yi tsalle ya tare tagar da bayansa. "Me muka ce jiya?"

"Allon ne ya nuna..."

"To ya nuna, sai me? Kai ka fi allo sani? Dubi Yaya yana barci. So kake ka tashe shi da ihu a ranar farko?"

Kumfa ya dube shi, ya dubi Yaya, ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Injiniya." Ya ja kansa ciki. Injiniya ya rufe tagar, har da sa sakata.

La'asar ta yi, kujerun roba suka cika. Masu shaguna, matan unguwa, har da matar nan mai bargo, ta zo ganin ko fuskar ta ƙarasa saukowa. Injiniya ya shige lungunsa ya ja labule, ya tuɓe rigar aiki ya rage daga shi sai singileti, yana jiran a miƙo kwat. Ya aika a tambayi Kumfa. Aka ce Kumfa ya ce allo bai ba shi izinin magana ba.

Mai Aski ne ya fara isowa, riƙe da tawul guda a tsaye kamar faifan katako. Ya ƙwanƙwasa shi a kan kanta, ya yi ƙara.

"Anti, da wannan zan goge fuskar mutum ko in kankare ta? Na ɗora wa wani a wuya ya ce in cire masa allon."

Kafin Anti ta buɗe baki, mai masauki ya shigo da kansa yana huci. Baƙi sun iso, gadaje tsirara. Aka duba, ga zannuwansa nan a ninke a kan shiryayye, kowane tabo yana nan inda ya bar shi, sai ƙamshin sabulu.

Yaya ya buɗe ido ɗaya.

Sai aka ji hayaniya daga bakin titi. Guguwa ya riga ya kai buhun Koci filin wasa, don haka wayarsa ta umarce shi. Magidantan kuwa da suka buɗe buhu ba su tsaya komai ba, suka zura rigunan suka taho a jere, Koci a gaba. Koren ya gudu. Abin da ya rage wani fari-fari ne mai ratsin ruwan ɗorawa, nan tabo can tabo, kowane tumbi da irin taswirarsa. Ga sitati ya sandarar da su, hannayen riga sun miƙe gefe, magidantan suna tafiya kamar masu shirin tashi sama. A bayansu 'yan tsallaken titi ne, sun biyo su suna tafi.

"Ina mai gidan nan?" in ji Koci. "Ina wanda ya ce a yi mana haka?"

Yaya ya buɗe ɗaya idon. "Injiniya!"

Labulen lungu bai motsa ba.

"INJINIYA!"

Ya fito a hankali, ya rungume laftof a ƙirji don ya rufe singileti. Ya dubi rigunan, ya dubi tawul, ya gyara murya.

"Jama'a, a kwantar da hankali. Wannan kuskuren ma'aikata ne. Na koya, na maimaita, amma wasu har yau ba su bambance dama da hagu ba." Ya saci kallon Anti.

Anti ta cire tabarau ta ajiye. "Ni? Ni da nake raba wa 'ya'yana abinci da hannun dama tun kafin ka fara rina saje?"

Taron ya ce, "Ehooo!" Injiniya ya kai hannu sajensa.

A daidai nan matarsa ta ratso kujeru, ɗauke da wani abu a gabanta. Ba ta rataye shi a komai ba, don ba ya bukata. Ta dire shi a tsakiyar fili, ya tsaya da kansa: kafaɗu a buɗe, hannaye a sandare, fari a nan, ruwan toka a can, da ɗan shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin hammata don tunawa da baya.

"Guguwa ya kawo min wannan gida," ta ce. "Na ɗauka baƙo muka yi, har na ce ya shigo."

Injiniya ya ƙura wa kwat ɗinsa ido.

"Wannan ma Anti ce ta danna?" in ji Mai Aski. "Don ni aka kira shaida. Dannawar tarihi, da hannunsa."

"Ba zai yiwu ba!" Injiniya ya buɗe laftof ya ɗaga sama. "Ku duba! Dama e, hagu a'a! Ga shi, ku gani da idonku!"

"Ba a laftof ɗinka ake karɓar kaya ba," in ji Yaya. Ya zaro hankicinsa ya shimfiɗa a kan kanta. "Zo nan. Ga kaya na kawo. Ba na son bilic. Danna."

Injiniya ya zagaya bayan kanta, unguwa guda tana kallon singiletinsa. Hotonsa ya fito, cikin shuɗin kwat, yatsa biyu a haɓa. A ƙasa maɓallai biyu, ruwan toka, ba rubutu. Ya danna hagu.

Yaya ya zare sakatar 'yar tagar. "Kumfa, na ba ka izini. Me ka gani?"

Kumfa ya zuro kai, ya ja numfashin da ya tara tun safe.

"BILIIIC!"

Har 'yan tsallaken titi sai da suka zauna a ƙasa don dariya.

Injiniya ya dubi laftof, ya dubi kwamfutar kanta, ya sake duban laftof. Sai yanzu abin ya faɗo masa. Hawainiya ba kala da rubutu kaɗai take ara ba, har da yadda kowace na'ura ta saba jera maɓallanta. A irin tsarin laftof ɗinsa na amincewa a dama yake zama. A irin na tsohuwar kwamfutar kuwa a hagu yake, tun fil azal. Da rubutun yana nan, da ko makaho ya lalubo.

"Yaya, ka ga, al'adar na'urar ce daban," ya ce. "Ita Hawainiya duk gidan da ta shiga, tsarin masu gida take bi. Ladabi ne ya yi mata yawa. Da Giwa ce da ba a yi haka ba."

"Ina Giwar?"

"Na... na sallame ta."

"Wa ya ɗauko wannan?"

Injiniya ya shiga gyara wuyan singiletinsa.

"Jiya da safe na ga rubutu a kan maɓallan nan. Ina ya tafi?"

Matarsa ta ce, "Yaya, ya rufe wa wani fuska ne."

Yaya ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya laluba aljihu ya fito da makulli, ya ɗora a tafin Injiniya.

"Ɗakin sama," ya ce. "Taga biyu, iska na shiga sosai. Rini zai bushe da wuri. Ka ce da hannunka, ko?"

Haka Injiniya ya tare a ɗakin da ya yi shekaru yana mafarkinsa. Babu tebur, babu kujera mai juyawa. Akwai bahon rini, akwai igiyoyin shanya daga wannan taga zuwa waccan, akwai rigunan magidanta a jere. Kore aka ce ya mayar da su, amma ya ce ya san haɗin da ya fi na jikin kwali, suka fito shuɗi, shi ma ya fito shuɗi. Koci ya haƙura ya ce ƙungiya ta canza kala. Ihu kuma ya dawo ƙasa, har ya fi na da, don yanzu Anti in ta danna sai ta ƙwala wa Kumfa kira ta tabbatar.

Rannan Mai Aski ya hau benen da kofin shayi biyu, ya tarar da shi yana matse riga yana zayyana zaluncin da aka yi masa. Ya saurara har ƙarshe.

"To tsakani da Allah, Saura Kiris, wa ya cuce ka? Giwa ko Hawainiya?"

Injiniya ya leƙa matakala ya ga ba kowa. Ya leƙa taga. Ya dawo ya zauna a kan bokiti, ya kalli hannayensa.

"Giwa ta faɗa min tana da nauyi, na ɗora ta a kan tsohuwa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Hawainiya ta faɗa min aro take yi, na goge rubutun. Kumfa ya zo zai cece ni, na sa masa sakata. Ni ne. Daga farko har ƙarshe ni ne. Da na rage hoton nan da faɗin yatsa biyu, da yanzu ina kan kujera mai juyawa."

"Ka mayar da rubutun?"

"Na mayar."

"Hoton fa?"

Injiniya ya goge hannu a singileti, ya zaro waya, ya buɗe manhajar ya miƙa masa. Maɓalli ya koma ya zauna daidai kan ido ɗaya. Sauran fuskar tana nan, da yatsa biyu a haɓa.

"Nan ne kaɗai kwat ɗin ya rage shuɗi," ya ce. "Amma kai ma faɗi gaskiya, don girman Allah. Hoton bai yi kyau ba?"